Darasi na 9: Katin Barka da Sallah da Hatimin Hannu

Bayan yaƙin Burmi na 1903, kakannin wasunmu sun zauna Maiwurno kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, wasu suka zarce Gadarif da Kasala. Tun lokacin, gaisuwar dangi a bakin matafiyi take tafiya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara warwatsa mutane, ɗa a Masar, 'ya a Jidda, ƙane a Bur Sudan. A wannan darasi za ku haɗa katin gaisuwar Sallah da hannunku, ku rubuta sunan wanda kuke kewa. Idan babu mai tafiya, a ɗauki hotonsa a tura ta WhatsApp.

Takarda

Ku je maktaba, wato kantin kayan rubutu, ku ce a ba ku farin kwali girman A4. Tsawonsa santimita 29.7 ne, faɗinsa 21. Ku raba tsawon gida biyu da almakashi, sannan ku ninke kowane rabi. Kwali ɗaya ya ba ku kati biyu ke nan, kowanne santimita 10.5 da 14.8. Kafin ku ninke, ku ɗora rula a tsakiya ku ja layi da bayan wuƙa. Kwalin zai ninku sumul ba tare da ya tsage ba.

Hatimi

Kowa a cikinku ya taɓa ganin hatimin ofis a kan takarda. Namu ma haka yake aiki: wurin da ya taso shi ke ɗaukar tawada, wurin da aka ƙwaƙule ya fito fari. Abin goge fensir mai faɗi ya fi komai daɗin sassaƙa. Robar tsohon silifas ma tana yi, haka dankalin Turawa, sai dai dankali na yini ɗaya ne, gobe ya yamutse. Kuɓewa kuwa ba ta buƙatar sassaƙa. Ku yanka ta a tsakiya, ku goge yauƙin, ku dangwala, fure zai fito da kansa.

Ga inda ake faɗuwa. A ajin bara, wata dattijuwa ta yi kusan awa guda tana sassaƙa BARKA da reza, harafi bayan harafi, tsaf kamar yadda yake a allo. Da ta buga, sai ta kira ni: "Malama, zo ki gani, rubutun nan ya juya mini baya." Na ce, "Inna, ba hannunki ba ne, halin hatimi ne." B ya koma ƙarshe yana kallon hagu, R da K ma sun juya. A kaɗai ya tsira, domin damansa da hagunsa ɗaya ne, kamar H da M da O da T.

Hatimi kamar madubi yake, abin da ke dama yana fitowa a hagu. Saboda haka a juye ake sassaƙa rubutu, na boko ne ko na ajami. Ba sai kun wahalar da kanku da koyon rubutu a juye ba. Ku rubuta kalmar daidai a kan takarda da fensir, ku maimaita har ta yi baƙi ƙirin. Ku kifa takardar a kan robar, ku murza bayanta da farce. Da kun ɗaga, za ku ga haruffan sun kwanta a juye. Ku bi gefensu da reza kuna cire abin da ba rubutu ba, bakin rezar na kallon waje, nesa da yatsa. Kafin tawada ta taɓa shi, ku nuna wa madubi. In kun iya karanta shi a madubi, zai karantu a kati.

Abu ɗaya da ban yarda da shi a ajina ba: sassaƙa sunan Allah ko aya a robar takalmi. Wannan da alƙalami ake rubuta shi a cikin kati.

Tawada

Ta kanti iri biyu ce. Akwai mai ruwa-ruwa, irin ta ofis, wadda takarda ke shanyewa nan take. Akwai mai kauri da ke zama a saman takarda, launinta ya fi fitowa amma tana jinkirin bushewa. Mu da muke Sudan, sayen baƙar tawada ɓarnar kuɗi ce a ganina. Yawancin ƙaron da duniya ke nema daga nan yake fita, daga itacen dakwara da ake kira hashab, kuma kasuwarsa ta Ubayyid sananniya ce. Ku jiƙa cokali ɗaya na ƙaro a cokali uku na ruwa ya kwana. Da safe ku kankaro baƙin gindin tukunya, ku tankaɗe, ku dama a ciki. Ita ce dai tawadar makarantar allo, sai dai ta hatimi tana son kauri kamar na koko. In ta tsinke, haruffa za su yi hawaye.

Ja kuma daga karkade, wato zoɓo. Ku tafasa shi da ruwa kaɗan har ya yi duhu, ku sa ɗan ƙaro. Kada ku yi mamaki in ya bushe ya koma ruwan hoda mai duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, yakan yi haka a wasu takardun. Ɗigon lemun tsami yana riƙe jan, ɗigon ruwan kanwa yana kai shi wajen kore. Rana tana cinye launinsa, don haka a inuwa ake shanya kati. Kurkum yana ba da rawaya.

Ku zuba tawadar a kan guntun soso cikin murfin gwangwani. Ku dangwala hatimi sau uku a hankali, ku fara gwadawa a tsohuwar jarida. Sannan ku danna a kati, ku ƙirga zuwa biyar, ku ɗaga sama tsaye. Wanda ya murza ko ya jijjiga, rubutunsa zai fito da inuwa.

Mayanki

Masu wannan sana'a suna da siraran ƙarafa masu siffar fure ko tauraro, ana matsa su a kan takarda cikin wani ɗan inji mai hannun juyawa, su yanke siffar. Ƙaramin gwangwanin tumatir da aka cire wa murfi zai yi mana wannan aiki. Ku goga bakinsa a dutse ya yi kaifi, ku kifa shi a kan takarda mai launi bisa katako, ku ɗora wani katakon a sama ku buga da guduma. Da'ira ta fita. Ku matsar da gwangwanin gefe kamar faɗin yatsa ɗaya, ku sake bugawa a kan da'irar. Abin da ya rage jinjirin wata ne. Ku manna shi da ruwan ƙaro a saman BARKA DA SALLAH.

Aikin gida

Ku duba waɗannan haruffa a madubi, ku zagaye waɗanda suka canza: S A L H D B M.

A cikin katin ku rubuta sunan wanda za ku aika wa da garin da yake. A ƙasa ku rubuta "Allah ya maimaita mana", ko gaisuwar maƙwabtanmu, "Al'afu wal'afiya". Ku sa sunanku a ƙarshe. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da kati biyu da hatiminsa, a wanke, a naɗe a tsumma.