Yadda za ka auna saiti ka kuma san asarar gudun harsashi kafin ka yanke shawarar rage bututun bindigar farauta

Mafarauta da dama a Kumasi, musamman masu shiga kurmi neman gada da gyazbi, wanda Asantawa ke kira akrantie, sukan koka cewa dogon bututu yana sarƙewa a rassa, shi ya sa wasunsu ke sha'awar a rage shi. Abin da aka datse ba ya dawowa, saboda haka a fara da awo.

Da farko ka tabbatar da irin bindigar da ke hannunka. Yawancin na mafarautan Ghana masu watsa ƙananan harsasai ne, kuma irin waɗannan suna da ɗan matsi a bakin bututu wanda ke tattara harsasan wuri guda. Idan aka datse bakin, matsin ya tafi, sai su bazu da wuri su raunata dabba ba tare da sun kayar da ita ba. Raifal kuwa harsashi ɗaya take fitarwa, tana da tsagi a murɗe a cikin bututu wanda ke sa shi juyawa.

Gudu shi ne abin da babu makawa za a yi asararsa. Iskar albarushi tana tura harsashi ne muddin yana cikin bututu, don haka a harsashin raifal na .308 (lambar kaurin harsashi ce) kowane inci ɗaya da aka cire yakan ci kusan ƙafa 20 zuwa 25 a daƙiƙa. Idan aka mayar da inci 24 zuwa 20, an rasa kimanin ƙafa 100 ke nan, abin da ba zai dami mai harbi a tazarar mita 50 cikin kurmi ba, amma a filin arewacin ƙasar, inda ake hangen dabba daga nesa, harsashin zai fi saurin sunkuyawa kuma iska za ta fi karkatar da shi. Ƙaramin harsashin .22 albarushinsa kaɗan ne, yakan kai iyakar gudunsa a wajen inci 16 zuwa 18.

Saiti kuma wata magana ce dabam, a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Gajeren bututu ya fi tauri kuma bai cika karkarwa lokacin harbi ba, don haka gajarta ita kaɗai ba ta ɓata saiti. Abin da ke ɓata shi shi ne leɓen baki: idan gefe ɗaya ya ɗara ɗaya ko da da kaurin gashi ne, iska za ta riga fita ta nan ta ture gindin harsashi. Na taɓa riƙe wata raifal da aka datse da zarton ƙarfe a wata maƙera, bakinta da ƙaiƙayi kamar bakin gwangwanin madara, mai ita kuwa yana ta zargin harsashi. Haka kuma mai amfani da saitin ƙarfe, wato ƙarafa biyu na kan bindiga da ake daidaita ido da su, zai ga tazarar na gaba da na baya ta ragu, ƙaramin kuskuren ido ya zama babba. Ƙara za ta ƙaru, dukan kafaɗa ma haka.

Ga yadda ake awon saitin raifal. A wurin da doka ta yarda a yi harbi, wanda ke da tudun ƙasa a baya, ka kafa kwali a mita 50, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka yi harbi biyar da harsashi iri ɗaya, sannan ka auna tazarar ramuka biyu mafi nisa da juna. Ka bar bututun ya huce, ka maimaita sau uku, ka rubuta. Idan ramukan sun taru, bindigar lafiyarta ƙalau, kuma a ganina gyara yadda kake rataya ta ya fi datse ta sauƙi.

Sai doka. An yi wa bindigarka rajista ne da siffar da take da ita, saboda haka kada ka sauya komai kafin ka tuntuɓi sashen lasisin bindigogi na 'yan sanda, kuma aikin na ƙwararre ne mai izini. Watannin da aka hana farauta, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, sun isa a bi takardar neman izini.