Katin shiga kantin sari: yadda ake lissafin ko zai maido kuɗinsa

Autanmu ya shekara biyu a Amurka, a garin Greensboro inda 'yan Nijar suke da yawa, amma har yau in zai kashe kuɗin da suka wuce na cefane sai ya kira ni. Ba karatu na fi shi ba. Ni ce na riƙe littafin shagon mahaifinmu a babbar kasuwar Maraɗi shekara tara kafin a yi mini aure, shi ya sa yake ganin duk maganar sari a kaina take. Rannan bayan isha'i, ina zaune tsakar gida ina tsince wake, sai ga kiransa.

"Yaya, akwai wani kanti nan, sai mutum ya biya kuɗin kati na shekara kafin a bar shi ya shiga. In biya?"

"Nawa ne?"

"Dala 65."

Na kwashe da dariya, na ce auta biya mana, ko ni na ranta maka. A bakinmu na Maraɗi dala sefa biyar ce, dala 65 kuwa 325 ke nan, kuɗin kabu-kabu. Sai da ya ce dalar Amurka yake nufi na ajiye farantin waken. Wannan ta haura jikka 35, wato sefa dubu 35. Kuɗin shiga kawai, ba a sayi ko ashana ba.

Mu nan ba mu da irin wannan kanti. Amma lissafinsa namu ne, shi muke yi duk kaka in muna shawarar ko a sayi buhu ko a ci gaba da awo. Abin da na sa shi ya yi shi zan faɗa, don mai ɗan'uwa a waje da za a tambaya, da kuma mu da muke zuba kuɗin ƙungiya ko na bankin hatsi.

Kafin ka biya, ka fara sanin me ya sa ake karɓar kuɗin. Kantin da yake magana Costco ne, wanda aka buɗe a birnin Seattle a 1983. A shekarar nan ma kamfanin Walmart ya buɗe nasa, Sam's Club. Dabarar ta girme su duka biyun, wani mai suna Sol Price ne ya fara ta da Price Club a San Diego a 1976, daga baya a 1993 suka haɗe da Costco. Kantin kamar mangaza yake, daɓen siminti, kaya jibge a kan katako yadda suka sauko daga mota. Nau'in kayan bai fi 4,000 ba, alhali babban kanti na yau da kullum yana ajiye kusan 30,000. Ribar da suke ɗorawa a kan kaya ba ta wuce kashi 14 ko 15 cikin ɗari. To ina suke ci? A katin. A shekarar kasuwancinsu ta 2024 kuɗin kati kaɗai ya kawo musu kusan dalar Amurka biliyan 4.8. Da na ji haka sai na ce masa, ka gane ke nan: ɗan sari ne ya karɓi ribarsa tun farkon shekara, ya bar ka kai ka yi ta fama ka fanshe.

Saboda haka aikin farko ba a kanti yake ba, a gida yake. Ka samu ƙaramin littafi, wata guda cur kana rubuta duk abin da gidanka ya saya, da yawansa da kuɗinsa. Ba abin da kake sha'awar saya ba, abin da aka saba saye. Auta ya so ya yi mini lissafi da ka, na hana. Kai yana rowa, yana manta ƙananan abubuwa, kuma yana ƙara wa mutum shinkafar da bai ci ba. Da watan ya cika, ga abin da ke cikin littafinsa: shinkafa, man girki, sukari, madara, ƙwai, omo, famfas na jaririnsu, da man mota. Sauran duk tarkace ne na dala biyu, dala uku.

Daga nan sai kwatance, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa, domin suna kwatanta buhu da ƙulli. Ka mayar da komai ma'auni ɗaya: kilo da kilo, lita da lita, famfas ɗaya da famfas ɗaya. Mu ɗauki misalin gida. Buhun hatsi mai kilo 100 tiya 40 ne. A ce tiya tana 700 a wajen mai awo, buhu kuma jikka 25. Tiya 40 a 700 jikka 28 ke nan, ratar jikka uku. Wannan ratar ita ce dukiyarka, ba girman buhun ba. Haka na sa auta ya bi kayan littafinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi wani abokin aikinsa mai kati ya shiga da shi, domin an yarda mai kati ya zo da baƙo, sai dai mai katin ne ke biya a wajen kuɗi. Ya ɗauki hoton farashi, ya je kantin da suka saba ya sake ɗauka. Wasu kayan ratar babba ce, famfas da man mota musamman. Wasu kuwa, in kantin unguwa ya yi rangwamen mako, har ya fi araha. Ya tara ratar wata, ya ninka sau 12. In abin da ya fito bai kai kuɗin kati ba, magana ta ƙare a nan, ba sai an ci gaba ba. Nasa ya haura, kusan ninki biyu da rabi. Ya fara murna, na ce tukuna, ba mu cire komai ba.

Abin cirewa na farko shi ne wanda na fi kowa sani, domin ya taɓa cizona. Wata shekara da bazara, albasa ta yi araha har ana roƙon mutane, na sayi buhu guda cike na 'yar Galmi. Na yi lissafi a zuci cewa har kaka ba zan sake sayen albasa ba. Na jingine buhun a ɗakin ajiya, na rufe ƙofa. Damina ta kankama, wata safiya na zura hannu in ɗauko biyu na miya, yatsuna suka nutse cikin wani abu mai ɗumi da santsi kamar kunu. Warin da ya taso sai da ya kore ni tsakar gida. Muka zazzage a kan tabarma ni da yara, muna ware mai rai da matacciya, abin da muka kai bola ya kusa rabi. Laifin nawa ne. Albasa shanya take so, a baza ta inda iska ke ratsawa, ni kuwa na ƙulle ta cikin buhu a ɗaki mai zafi. Da na raba kuɗin buhun da albasar da muka ci, ta fi ta mai kashi a bakin titi tsada. Tun ranar na raba kayan sari gida biyu. Masu haƙuri: shinkafa, sukari, sabulu, omo, man girki a jarka. Marasa haƙuri: albasa, tumatir, dankali, burodi, kifi da kaji masu dogaro da firigo, a garin da zafin Afrilu ke wuce 40 kuma wuta ke iya ɗaukewa. Wake yana tsakiya, in ba a buhu mai ciki uku ka zuba shi ka ɗaure tam ba, ƙwari ne za su yi maka godiya. Auta su uku ne a gida har da jariri, firigonsu ƙarami. Na ce duk wani mara haƙuri ya soke shi daga lissafin, ko da ratarsa ta kai nawa.

Na biyu kuɗin hanya. Ni in na sayi buhu sai na biya ɗan dako, na biya mai amalanke ko adaidaita har unguwar Zariya. Shi kuma kantin yana da nisa da gidansa, man motar zuwa da dawowa da rabin ranar hutunsa duk kuɗi ne. Wannan ba wuya, ka rubuta ka cire.

Na ukun shi ne mai wuyar kamawa, sayayyar ido. Ka shiga neman shinkafa ka fito da bargo, da kwalin biskit da ya ishi suna, da wata tukunyar lantarki da ba ka san kana bukata ba sai da ka gan ta. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan. Mahaifinmu ma alewa yakan ajiye daidai tsawon idon yaro. Su nasu abin jan mutane sananne ne, gasasshiyar kaza a dala 4.99, da burodi da tsiran nama haɗe da lemo a dala 1.50, wannan na biyun ba su taɓa farashinsa ba tun tsakiyar shekarun 1980. Kazar kuma can ƙarshen kanti ake ajiye ta, sai ka ratsa komai kafin ka isa. Auta ba ya cin naman da bai san yankansa ba, to wannan garaɓasar ba tasa ba ce, bai kamata ta shiga lissafinsa ba. Akwai kuma wata ɓarna ta cikin gida da ba a gani. In da jarkar mai lita 25 a ɗaki, hannu yakan saki. Ni da kaina na lura, ranar da ake sayen mai na ɗari biyu a kwalba, miya tana fita daidai. Ranar da jarka ke nan, har ƙosai ake soyawa ba dalili. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka shiga kanti da takardar abin da za ka saya da kuɗinsa daidai, ka kuma ɗura na mako a ƙaramar kwalba ka kulle jarkar.

Bayan duk wannan ciren, in sauran ratar ta ninka kuɗin kati, biya. In ta tsaya daf da shi, bari, wahalar ba ta kai ba. Mai gida cike da yara, mai sayar da abinci, mai motar da ke shan mai kullum, su ne katin ke yi wa aiki. Gwauro a ɗaki ɗaya, ɗalibi, ko wanda kuɗinsa ke zuwa kullum-kullum ba dunƙule ba, araha ba ta yi masa ado, domin sari yana son kuɗi a dunƙule. In ka zuba kuɗin wata a shinkafa da omo, yaro ya kwana da zazzaɓi, ba za ka kai wa mai magani omo ba.

Sai ya sake kira bayan kwana biyu. "Yaya, akwai babban kati kuma, na dala 130. Suna mayar maka da kashi biyu cikin ɗari na abin da ka saya." Wannan lissafin bai kai minti ɗaya ba. Ƙarin da za ka biya dala 65 ne. Kafin kashi biyu cikin ɗari ya kai 65, sai ka sayi kayan dala 3,250 a shekara, wato kusan 270 kowane wata, kuma man mota ba ya cikin abin da ake mayarwa. Na ce buɗe littafinka. Bai kai ba. Na ce to kada ka ƙara sayayya don ka cika ladar, wannan sayen doki ne don an ba ka linzami kyauta. Farashin nan ma ba a tsaye yake ba, a watan Satumba na 2024 aka ɗaga shi daga 60 da 120, don haka lissafin duk shekara ake sabunta shi kafin a sake biya. Abu biyu da suka yi mini daɗi a tsarin: ana ba da kati na biyu kyauta ga wani babba da kuke gida ɗaya, matarsa ke nan, kuma in mutum bai gamsu ba yana iya ajiye katin a maido masa da kuɗinsa.

Abin da ya rage wa mai ƙaramin gida shi ne abin da muka gada, watanda. Mutum goma su haɗa kuɗi a yanka sa a kasa kashi-kashi, kowa ya ci nama farashin sari ba tare da ya sayi firigo ba. Mu a layinmu mata shida ne, duk wata muke haɗa kuɗi a sayo katon ɗin sabulu, buhun sukari da jarkar mai, a raba a zauren ɗayarmu da tiya da kwalbar lita. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka faro a jiharmu ta Maraɗi a 1991, ai da ƙaramin zubin mako suka tashi. In za ka shiga irin wannan, ko bankin hatsi da ke karɓar kuɗin shiga don a sayar maka da rangwame lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tambayoyin ba su canza ba: nawa zan zuba, tiya nawa aka yarda in ɗiba, ratarta da kasuwa nawa ce a watan Yuli da Agusta, wa ke riƙe da makulli da littafi. Ta ƙarshen nan kada ka ji kunyar yin ta, ko da ƙanwar uwarka ce ma'aji.

Auta ya biya ƙaramin katin. Ba a ara wa wani katin, akwai hoton mai shi a jiki, don haka shi ke sayowa, su raba a gida da wasu 'yan Tasawa biyu da suke bene ɗaya. Jiya ya turo mini hoton buhun shinkafa a tsakiyar ɗaki da robobi uku a jere, yana tambaya da me zai auna. Na ce in wani zai taho daga nan zan ba shi tiya ya kai masa, kafin nan ya yi da gwangwanin madara, amma ya riƙa shafe bakin da hannu, kada ya yi wa kowa tozo.