Yadda Ake Haɗa Ɓangarorin Gada Don Layi Biyu a Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Tebur

Sabon shiga yakan sayi gada biyu masu layi ɗaya-ɗaya, ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya ɗauka ya samu gadar layi biyu. Sai ya zo haɗa ta da layin da ke kan tebur ya tarar dogo bai kalli dogo ba. Matsalar daga awo take, don haka a ɗauki rula kafin a taɓa gam.

A ma'aunin HO, wato 1:87 (jirgin gaske ya ninka na tebur sau 87) mai faɗin dogo milimita 16.5, tazarar da aka saba bari daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar ɗan'uwansa a miƙe ita ce kusan milimita 51, inci 2 ke nan. Wasu kamfanoni suna da nasu awon. Layin Hornby yana kan milimita 67, Kato Unitrack na ma'aunin N, wanda ya fi HO ƙanƙanta, kuwa 33. Ka auna naka, ka rubuta a jikin tebur.

Gada mai keji, wadda jirgi ke ratsawa ta cikinta, tana buƙatar sarari kusan milimita 26 daga tsakiyar layi zuwa bangonta. Idan ka jera biyu, 26 da 26 sun ba da 52, ga kaurin bango biyu a tsakiya, jimla ta haura 60. Shi ya sa ba ta zama kan 51. Ko da ka cire bango ɗaya na ciki su yi tarayya a guda, tazarar ba za ta sauko 51 ba, dole ka buɗa layin tun daga nesa da lanƙwasa mai laushi, aƙalla tsawon taragu biyu kafin bakin gada. Ni dai gada mai bim, wato doguwar sandar da ke ɗauke da nauyi, a ƙasa na fi so, wadda dogo ke kwance a samanta. Babu bangon da zai tokare tarago, ana matsa su yadda ake so, kuma ta fi araha.

Haɗa gefe da gefe ba wuya. Kifa ɓangarorin biyu a kan gilashi, saman yana ƙasa, domin saman ne ake so ya daidaita. Yanka sandunan filastik uku ko huɗu daidai da ratar da ke tsakani, ka liƙa su da gam ɗin da ke narka filastik. Kada a sa sufa gulu, yana kamawa kafin ka gyara zama, kuma yana tsinkewa da ɗan bugu. Bar shi ya kwana.

Inda aiki ke lalacewa shi ne wurin haɗa tsawo da tsawo a kan ginshiƙi. Mutane sukan fara kafa ginshiƙai, su ɗora gada, sannan su kawo dogo. A juye ake yi. Saman dogo shi ne shugaba, komai daga shi ake aunawa zuwa ƙasa. Bambancin rabin milimita a mahaɗar ɓangare biyu ido ba ya kamawa, amma doguwar tarago za ta yi tsalle a wurin, ƙugiyar da ke riƙe taragu ta kwance, kuma da yake layi biyu ne, wadda ta sauka daga dogo kan hanyar ɗaya jirgin za ta faɗa.

Jera dukkan ɓangarorin a kife a kan gilashi ko katako mai lebur, ka tokare gefensu da doguwar rular ƙarfe. Goge bakin kowanne da magagari har ya zauna ba rata. Sai ka zura sandar alminiyam mai kwana ko siririn katako busasshe ta cikin bim, ta ratsa mahaɗar da aƙalla santimita 5 kowane gefe, ka liƙa. Yanzu gadar ta zama abu guda, ginshiƙan tsakiya kusan ado ne. A nan gam mai haɗi biyu ya dace, don na filastik ba ya kama ƙarfe.

Juya ta, ka shimfiɗa dogo. Yi amfani da dogo mai lanƙwasuwa, wanda ke zuwa da tsawon kusan santimita 91, ya ratsa gadar ba yanka. Mahaɗar dogo kada ta taɓa faɗowa daidai kan mahaɗar gada. Idan dole a haɗa, a kai ta tsakiyar ɓangare, kuma ta layi na biyu ta kauce wa ta farko. Bar dogon ya zarce bakin gada da santimita 5 zuwa 8 don ya kwanta kan tebur. Yanka ɗan katako mai tsagi huɗu daidai da tazarar layinka, ka riƙa jan sa a kan dogayen kafin gam ya bushe. Wannan ɗan katakon ya fi ido gaskiya. Duba kuma tsayin dogon: da lamba ake nuna shi, kuma dogo mai lamba 83 da mai lamba 100 ba sa haɗuwa sai da mahaɗi na musamman.

Sai yanzu ginshiƙai. Ɗora gadar a kan bakunanta biyu, ka sa ma'aunin lebur a tsawo da kuma a faɗi. Yanka kowane ginshiƙi ya gaza da milimita 1, ka zura shi, ka cike daga ƙasa da fallen filastik na milimita 0.25 ko 0.5 har ya taɓa gadar ba tare da ya ɗaga ta ba. Liƙa gindinsa, amma kada ka liƙa kansa da gada, wata rana za ka so cire ta don shara ko fenti.

A inda dogon gada ya haɗu da na tebur bar rata ta rabin milimita tsakanin dogo da dogo. Katakon tebur yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, idan ba rata sai dogo ya gantsare. Kowane layi a jona masa wayarsa da dalma ta ƙarƙashi, kar a dogara da mahaɗi wajen kai wuta. Daga nan tura taragunka mafi tsawo guda biyu da hannu, ɗaya a kowane layi, su yi giciye a tsakiyar gada da bakunanta biyu, kana sauraron inda ƙafa za ta yi ƙas.