Gaskit ɗin Manifol da Ruwan Lagireto: Kurakuran da Na Gaji da Gyarawa

Motoci uku aka jawo mini gareji da igiya a 'yan kwanakin nan, kuma dukkansu ba a daɗe da yi musu aikin gaskit, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin sassan injin don hana yoyo, a wani wuri ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Maganata ta fi shafar injinan V6 na kamfanin GM na Amurka, mai lita 3.1 da mai lita 3.4, irin na cikin Chevrolet Venture da Impala da Malibu, da Pontiac Montana da Buick Century, na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Ba su da yawa a titunanmu kamar Toyota da Honda, amma tokumbo na kawo su, kuma ba kowane bakanike ne ya san halinsu ba.

A waɗannan injina, manifol ɗin shan iska na ƙasa, wato sashen da ke rarraba wa silinda iska, yana zaune ne tsakanin kawunan silinda biyu, ruwan lagireto kuma yana bi ta cikinsa. Gaskit ɗin da suka zo da shi na roba ne mai tauri da zaren silikon. In ya gaji, ruwa ya tsiyaye waje, ko ya gangara ciki ya haɗu da baƙin mai. Abin ya yi yawa har masu motoci a Amurka suka haɗu suka kai ƙarar GM, aka sasanta a 2008.

Kuskure na farko, da an ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara sai a ce tof gaskit ne, wato gaskit ɗin da ke ƙarƙashin kan silinda, a hau sauke kan silindar. Tsaya tukuna. Tof gaskit yakan zo da farin hayaƙi a salansa, da kumfa a bakin lagireto, tiyo kuma ya yi tauri da wuri. In babu waɗannan, haska tocila a kusurwoyin manifol, sau da yawa za ka ga sawun ruwan a nan.

Wanda ya taɓa cin kuɗina kuwa shi ne fushrod, wato sandunan nan da ke tura bawul. Guda 12 ne, kuma ta cikin gaskit ɗin suke ratsawa, dole ka zare su kafin ka canza shi. A ido duk ɗaya suke. Ba ɗaya ba ne! Na bawul ɗin shan iska gajeru ne, kimanin milimita 144, na fitar hayaƙi kuma kimanin 152. Ka sa dogon a gurbin gajere, bawul ba zai rufu ba, fistin ya taso ya same shi a hanya.

Ni haka aka yi mini, ko in ce haka na yi wa kaina. Na zare su, na miƙa wa yarona, ya zuba su gaba ɗaya a kwanon fetur yana wankewa, shi a ganinsa gwaninta ya yi. La'asar ta yi, mai mota na zaune a benci yana duba agogo, na mayar da su yadda suka zo hannuna. Da na murza makulli sai na ji ƙwas, injin ya yi tari ya tsaya. Bawul biyu sun lanƙwashe. Aikin da ban yi niyya ba, na sauke kai, shi na yi da kuɗin aljihuna. Abin da mutumin ya ce kawai shi ne, "Malam, ai cewa ka yi aikin yini ɗaya ne." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar, kafin in taɓa sifana sai na samo kwali na huda ramuka 12, na rubuta "gaba" a gefe ɗaya, kowane sanda na zare in soka shi a raminsa. Yaron da ya taɓa kwalin nan kuwa, ranar ba shi da kuɗin abinci.

Sai ɗaurin ƙusoshi. Ku masu cewa hannunku ya san awo, hannunku bai san komai ba. Manifol ɗin na alminiyom ne. Ka bi dukkan ƙusoshin da Nm 7 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) a zagayen farko, sannan na tsaye su kai 13, na karkace su kai 25. Wannan ɗauri ne mara ƙarfi, wanda ya saba da ƙusar taya zai wuce shi bai sani ba, ya murƙushe sabon gaskit. Sayi sifanan awo, ko ka aro.

Gam ɗin silikon a bakin bulok na gaba da na baya kawai ake sa shi, inda gaskit bai kai ba, ba a shafe ko'ina kamar ana shafa wa burodi bota ba. Gaskit kuma ni mai ƙarfe a ciki nake nema, irin na Fel-Pro, ko da zan zagaye kasuwar Kofar Ruwa ta Kano sau biyu. Kada ka kankare tsohon da sanfefa ko faifan injin gogewa, garinsa na faɗawa cikin injin ya cinye metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu. Reza da tsumma sun isa, ka toshe ramukan tukuna. In ka gama ka zubar da baƙin man da filtarsa kafin ka tayar, ni har sau biyu nake canzawa in ruwa ya shiga sosai.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci: ruwan da ake zubawa bayan an gama duk wannan wahala. Mutum ya kashe kuɗi, ya kashe yini, sai ya kira mai kura ya sayi jarka ɗaya ya ɗura a lagireto. In ka yi magana ya ce ai mu ba mu da ƙanƙara, kulan, wato ruwan sanyaya injin na musamman, na Turawa ne. Haba jama'a! Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin aikinsa. Shi ke hana tsatsa, shi ke kare famfon ruwan injin. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuma, da murfin lagireto mai lafiya, yana kaiwa wajen 129 kafin ya tafasa. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoso a watan Afrilu ya san amfanin wannan tazara. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa, leƙa cikin butar shayin gidanku ka ga farin dutsen da yake bari. Shi ne a lagiretonka.

Ban fi kowa ba, na yi wa tawa motar haka shekara da shekaru. Ranar da na buɗe ta, alminiyom ɗin da ke kewaye da hanyar ruwa ya zaizaye kamar gara ta ci, babu gaskit ɗin da zai kama wurin. Manifol ɗin gaba ɗaya na saya.

Waɗanda suka yarda su sayi kulan kuma sai su saya da ido: "Ba ni ja," "Ba ni kore." Kala rini ce kawai. Tsohon koren nan mai silikat shekara biyu yake yi a canza shi. Dex-Cool na GM, mai ruwan lemo, an ce yana kai shekara 5 ko mil 150,000. Na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na Honda shuɗi, kuma motocin Japan suna son mai fosfat mara silikat, alhali na Turai irin G12 na Volkswagen ba su da fosfat. Jan Toyota da ruwan hodan G12 sun yi kama a jarka, amma haɗinsu daban. Karanta bayan jarkar, ka duba littafin motar. In ka haɗa iri biyu, mafi ƙaranci ka rage musu kwana, wani lokaci kuma su kama jikinsu kamar kamu su toshe lagireto.

Makanikai da yawa a Amurka suna ɗora wa Dex-Cool laifin cinye gaskit ɗin roba, har suna komawa kore. Ni a ganina, da gaskit mai ƙarfe, kowanne ka zaɓa zai yi, in dai ka wanke tsohon tas kuma ka tsaya a kan guda. Ni nakan rubuta sunansa da fenti a cikin bonet saboda bakaniken gaba. In mai kauri ka saya, ka surka shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. Ka tabbata ruwan ne, ba asid ba, don suna ɗaya ake kiransu a kasuwa. Zuba shi zalla ba surki kuma ba gata ba ne, bai kai ruwa ɗaukar zafi ba.

Cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in injin ya yi zafi, don maganin obahitin (zafin injin fiye da kima), wannan rufe ido ne a kan ciwon, mayar da shi. Injinan nan suna da 'yan ƙusoshin fitar da iska a wajen gidan tamostat da kan bututun ruwa. Sassauta su lokacin cikawa har ruwa ya fito ba kumfa, washegari da safe ka sake duba lagireto injin na sanyi. Tsohon kulan kuma ka tare shi a jarka ka rufe. Zaƙi gare shi kuma guba ne, ga awakin unguwa da ba sa rabuwa da ƙarƙashin mota, ga yara.