Karatun likita: inda iyaye ke kuskure idan makarantu sun bambanta a tsada

Yaro ya ci jarabawar JAMB, ga gurbi a jami'ar gwamnati, ga wani a jami'a mai zaman kanta ko a ƙasar waje, tsakanin kuɗinsu kuma akwai miliyoyi. A nan shawara ke rabuwa a gida. Kawu ya ce araha ba ta ado, gwaggo ta ce a yi abin da aljihu zai ɗauka. Kurakuran da ake tafkawa a wannan gaɓa kusan iri ɗaya ne kowace shekara.

Mafi girmansu shi ne lissafin shekarar farko kaɗai. Mahaifi zai duba kuɗin rajista, ya ga idan ya sayar da fili ɗaya zai biya, sai ya ce bismillah. Alhali digirin likita a Najeriya shekara 6 ne, idan ba a maimaita aji ba. A shekara ta uku filin ya ƙare, kuɗin ya ƙaru, ga ƙanne sun taso su ma suna jiran nasu. Gyaran mai sauƙi ne: a ɗauki takarda a ja layi shida, kowane layi a rubuta kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci, littattafai da kuɗin mota, sannan a gefe a rubuta daga ina kuɗin wannan shekarar zai fito. Layin da aka rubuta "Allah zai kawo" a gefensa, Allah Mai kawowa ne, amma wannan layin bai cika ba tukuna.

Idan da dala za a biya, lamarin ya fi haka nauyi. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗauki misalin makarantar da ke karɓar dala 5,000 a shekara: abin da yake naira miliyan 2.3 ya koma miliyan 7.5, ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Wanda samunsa da naira yake, ya yi lissafinsa kamar dala za ta sake tashi. In a haka ba zai iya ba, to tun yanzu ba zai iya ba.

Sai kuma ɗaukar tsada a matsayin shaidar inganci. Dogon gini da na'urar sanyaya ɗaki ba su ke yin likita ba, marasa lafiya ne ke yinsa. Ɗalibi yana koyo ne da safe a zagayen gadaje, yana tsaye bayan babban likita, a miƙo masa hannun yaro mai zazzaɓi a ce ya ji bugun jini, ya danna ciki ya faɗi ko saifa ta kumbura. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da na Maiduguri, duk cike suke da jama'a, kuma cututtukan da ake gani a cikinsu, maleriya, sikila, tarin fuka, matsalolin haihuwa, su ne waɗanda yaron zai yi ta gani har ya yi ritaya. Akwai jami'o'i masu zaman kansu da ke da asibiti na ƙwarai, ba a musu. Amma kada a yarda da hoton talla. A je a shiga asibitin da ƙafa ranar aiki, a ga ko gadajen da mutane, a tsayar da ɗan aji biyar a tambaye shi haihuwa nawa ya tsaya a kai.

Wani abin da ake yawan tsallakewa shi ne Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN. Ita ke ba da lasisin aiki, ba jami'a ba. Ita ke tantance makarantun likita, ta kuma ƙayyade wa kowace adadin ɗaliban da za ta horar. Makarantar da ba ta da amincewarta, ko ta ɗebi ɗalibai fiye da adadinta, za ta iya barin yaro da takardar da ba za ta kai shi bakin gadon majiyyaci ba. Hukumar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, dubawar ba ta wuce minti goma.

Wanda ya karanto a waje kuwa, sai ya zauna jarabawar wannan hukuma kafin ya samu lasisi, kuma ba kowa ke ci a zaman farko ba. Dillalan makarantu ba su cika faɗin wannan ba. Haka ba sa maganar abin da zai faru idan ƙasar ta rikice. Mun gani a Yukiren a Fabrairun 2022, mun kuma gani a Sudan a Afrilun 2023, lokacin da aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, da yawansu 'yan karatun likita da suka yi nisa. Ba laifin iyayensu ba ne, babu wanda ya san gaibu. Amma duk mai tura ɗa waje ya sa shi ya riƙa karɓar sakamakonsa a rubuce, da hatimin makaranta, ƙarshen kowace shekara.

Masu hangen Amurka su lura da kyau. A can ba a shiga karatun likita daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara 4, wanda share fage ne kawai, a ci jarabawar shiga makarantar likita, wato MCAT, sannan a nemi makarantar likita ta wasu shekaru 4, kuma guraben baƙi a cikinta kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya ƙarar da dukiyarsa a digirin farko, bai ma fara biyan karatun likitan ba.

Ban ce mai araha ba ta da nata ciwon ba. A 2022 yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga cunkoso a aji da ɗakin kwana. Wanda Allah Ya hore wa, zai biya shekara shida ba tare da ya taɓa jarinsa ko haƙƙin sauran 'ya'ya ba, ya biya, ya sayi lokaci. Wanda kuwa sai ya ci bashi, ni dai shawarata ya haƙura da jinkirin. Ɗan jami'ar gwamnati yana iya neman rancen NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, da aka buɗe a 2024, babu ruwa a kai, kuma ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ɗan jami'a mai zaman kanta ba ya cikin tsarin.

Kuskure na ƙarshe ya fi kama masu gudun tsada. Jami'ar gwamnati ta hana yaro gurbin likita, ta ba shi wani kwas makusanci, kamar ilimin sassan jiki, sai a ce masa ya shiga, "daga baya za a canza maka." Wani lokaci ana canzawa, sau da yawa ba a yi, domin guraben ƙayyadaddu ne. Kafin a biya rajista, a je ofishin tsangayar a nemi dokar canjin kwas a rubuce, a tambayi mutum nawa aka canza wa bara da makin da suka samu. Idan amsar ba ta fito fili ba, a zauna da yaron a tambaye shi ko zai iya riƙe kwas ɗin har ƙarshe, ko kuwa gara ya sake zaman JAMB baɗi.