Inda lissafi ke kuɓucewa wajen yi wa shanu rigakafin cututtukan kaska

Idan aka ce wa mai shanu ya yi rigakafi, kuɗin allura kawai yake gani. Ba ya sa maraƙin da ya mutu bara a lissafi, ko saniyar da ta tashi daga zazzaɓi amma nononta ya ƙafe, ko bijimin huɗa da ya kwanta ana tsakiyar shuka. Gyaran wannan biro ne da takarda: a rubuta duk abin da kaska ta ci cikin shekara, da magani da feshi da mace-mace, sannan a ajiye kuɗin allurar kusa da shi.

Wasu kuma sun ɗauka allurar ɗaya ce. Kaska iri-iri ce, cututtukanta ma haka. Zazzaɓin gabar gabas, wanda ƙwayar Theileria parva ke haddasawa, cutar gabashi da tsakiya da kudancin Afirka ce. Rigakafinta ba ya hana fitsarin jini na Babesia, ba ya hana Anaplasma mai shanye jini har idon saniya ya yi fari fat. Kafin a fitar da ko sisi, likitan dabbobi ya duba jini ya faɗi wace ce a garken.

Inda na fi ganin ana asara shi ne jinkiri. Rigakafin zazzaɓin gabar gabas da aka samar a Muguga ta Kenya cikin shekarun 1970 ƙwayar cutar ce da ranta ake sa wa dabba, a haɗa mata da oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki, wato maganin da zai danne ƙwayar kada ta yi ƙarfi. Shi wannan maganin da nauyin dabba ake auna shi, don haka maraƙi ya fi babbar saniya araha nesa ba kusa ba, ga shi sau ɗaya ake yi ya wadatar har tsufa. Mai jira sai sun girma ya biya da yawa, bayan cutar ta riga ta kwashe na kwashewa. Wanda kuma ya kimanta nauyi da ido don ya rage magani, da kuɗinsa ya sayo wa dabbarsa cuta. Haka na Babesia: tsakanin wata 3 zuwa 9 ake so, lokacin da jikin maraƙi ke iya jurewa.

Sai batun sanyi. Allurar Muguga cikin tulun naitrojin mai tsananin sanyi take zama, tsinke ɗaya (siririn bututun da ake zuba ta) na shanu kusan 40 ne, kuma da an narkar da shi sa'o'i kaɗan gare shi. Mai maruƙa uku da ya kira jami'i shi kaɗai, ko ya biya na arba'in ko jami'in ya ƙi zuwa. Maƙwabta su tara maruƙansu rana ɗaya, wuri ɗaya.

An yi allura kuma sai a jefar da famfon feshi? A'a. Ragewa ake yi, domin kaska na nan tana shan jini, tana ɓata fata da hantsa, tana buɗe wa kirci ƙofa. Ragin nan ma riba ce da ake mantawa a rubuta. Mai feshi kullum da magani iri ɗaya shi ma bai tsira ba, don a ƙarshe kaskar kan saba da maganin feshin, kamar amitraz. Shanun gida masu tozo sun fi jure kaska, sau da yawa feshi na lokaci-lokaci ya ishe su. Friesian, saniyar Turai mai yawan nono, da 'ya'yanta na gauraye kuwa, su ne za a fara kai wa allura.