Yadda ake haɗa sabuwar firinta da Linux ba tare da an kwana ana neman direba ba

Yawancin waɗanda na gani sun sha wuya da firinta a kan Linux, da hannunsu suka jawo wa kansu wuyar. Mutum zai buɗe kwali, ya jona kebul, kafin kwamfutar ta gama gane abin da aka jona mata ya riga ya tafi shafin kamfani yana neman direba, wato manhajar da ke koya wa kwamfuta magana da firinta, saboda abin da ya saba ke nan a Windows. Ya sauke wani fayil, ya girka, ya dawo ya tarar da firinta biyu a jeri, babu wadda ke bugawa. Sai ka ji yana cewa ai Linux ba ta iya firinta ba. Ta iya. Shi ne ya shiga tsakaninsu.

Zan yi bayanin ne da Ubuntu, Linux Mint da Debian a zuciya, don su na fi taɓawa. Mai Fedora ko Arch zai ga sunayen wasu manhajoji sun bambanta, amma hanyar ɗaya ce.

Da farko, bar kwamfutar tukuna

Ka gama da firintar ita kaɗai. Cire duk ledoji da salatif ɗin da aka manna a ciki, har wanda ke ɓoye a bayan murfi, sa tawada, sa takarda, kunna ta. Sannan daga maɓallan jikinta ka sa ta buga shafin gwajinta. Idan ta kasa buga nata shafin, babu umarnin da za ka rubuta a kwamfuta ya gyara ta, mayar da ita inda ka sayo. Mutane na tsallake wannan, su ɓata awa uku suna zargin Linux alhali wani ɗan roba ne ya tokare kan tawada.

Faifan CD ɗin da ke cikin kwalin kuma ajiye shi can. Na Windows ne, wani lokaci da Mac.

Dubi jikin kwalin. In ka ga an rubuta AirPrint, ko Mopria, ko IPP Everywhere, to rabin aikinka ya ƙare. Ma'anarsa firintar na jin yaren da ake kira IPP, wato za ta iya gaya wa kwamfuta da kanta irin takardar da take ɗauka, ko tana buga kala, ko tana juya bayan takarda. Ba ta bukatar direba. Tun da Apple ya fito da AirPrint a 2010 kamfanoni suka dinga sa wannan a firintocinsu don masu waya su samu bugawa, mu masu Linux muka ci albarkacin. Dama manhajar da ke kula da bugawa a Linux, CUPS, ita ce dai ke cikin Mac. Michael Sweet ne ya rubuta ta, ta fito a 1999, Apple ya saye ta a 2007, yanzu kuma OpenPrinting ke riƙe da wadda Linux ke amfani da ita.

In har yanzu ba ka saya ba, kana dai dubawa ne, to kada ka sayi wadda babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye uku a jikinta komai arharta. Kuma in rubutu kawai kake bugawa, sayi mai leza baƙi da fari. Mai tawadar ruwa tana da arha a ranar saye, amma in ta yi makonni ba a taɓa ta ba kan ya bushe, kuɗin tawada kuma a hankali ya wuce kuɗin injin.

Na biyu, sabunta tsarin

Buɗe Terminal:

`sudo apt update && sudo apt upgrade`

Sannan ka tabbatar waɗannan suna nan:

`sudo apt install cups avahi-daemon ipp-usb sane-airscan`

Galibi zai ce maka duk suna nan. Avahi shi ne mai sauraren sanarwar da firinta ke yi a kan hanyar sadarwar gida tana cewa ga ni nan. In ba ya aiki, kwamfutar kurma ce. Sabuntawar ma ba don kwalliya ba ce: a Satumban 2024 an gano ɓaraka ta tsaro a cups-browsed, manhajar da ke nemo wa CUPS firintoci a kan hanyar sadarwa, an kuma toshe ta, don haka wanda ya girka tsarinsa da tsohon faifai bai taɓa sabuntawa ba ya yi yanzu.

Na uku, Wi-Fi ko kebul

Ni ƙa'idata, in firinta na da Wi-Fi ko ramin kebul na rauta, ta nan ake haɗa ta. USB sai in babu yadda za a yi. Daga allon firintar ka zaɓi sunan Wi-Fi ɗinka, ka sa kalmar sirri, ka jira ta nuna ta haɗu. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Firintocin gida da yawa 2.4 GHz kawai suke gani, ba sa ganin 5 GHz, sai mutum ya yi ta neman sunan Wi-Fi ɗinsa a allo bai gani ba. Na biyu, kada ka sa ta a Wi-Fi ɗin baƙi, don an ƙera shi ne yadda na'urorin da ke kai ba za su ga juna ba. Firintar za ta ce ta haɗu, kwamfutar ma ta haɗu, amma kowa na ɗakinsa. In kana da VPN a kunne, kashe shi har ka gama.

Jira kamar minti ɗaya, ka rubuta:

`lpstat -e`

In sunan firintar ya fito, shi ke nan. Buɗe kowane fayil na PDF, danna Ctrl da P, zaɓe ta, buga. Kada ka danna maɓallin ƙara firinta, kada ka nemi komai. An gama.

In bai fito ba, sa firintar ta buga maka shafin bayanin sadarwarta, ka ga adireshinta na IP, wani abu kamar 192.168.1.50. Rubuta shi a burauza. In shafin firintar ya buɗe, hanya lafiya take, sanarwar ce ba ta isowa, wataƙila katangar tsaro da ka sa ta toshe ƙofa ta 5353 da Avahi ke saurare ta ciki. Sai ka ƙara ta da hannu, ka sa adireshin taka a madadin na misalin nan:

`sudo lpadmin -p Firinta -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere`

Kalmar ƙarshen nan, everywhere, ita ke ce wa CUPS ta tambayi firintar abin da ta iya, kar ta nemi direba. Wanda ya bi ta wannan hanya ya shiga saitin rautarsa ya kafe wa firintar wannan adireshi, in ba haka ba wata rana an kashe rauta an kunna za ta samu sabon lamba, kai kuma kana aika aiki tsohon gida.

Na huɗu, USB, inda na sha ƙasa

A nan zan daɗe, don a nan na ɓata dare guda cur.

Na sayi firinta mai leza, na jona ta da USB don rautar na wani ɗaki. Na shiga Settings, na ga ta bayyana da kanta da wani dogon suna mai USB a ƙarshe. Raina bai kwanta ba. Na ce ai wannan na wucin gadi ne, bari in sa mata direbanta na asali. Na sauke daga shafin kamfanin, na girka, ya ƙirƙiri firinta ta biyu mai suna tsaf irin na jikin kwali. Ita na zaɓa, don ta fi kama da ta gaskiya. Na aika shafi ɗaya. Shiru. A layin jira an rubuta "Waiting for printer to become available", alhali ga firintar nan gabana, koren fitilarta na ci. Na canza kebul. Na canza rami. Na goge direban na sake girkawa har sau uku. Na kashe na kunna har na daina ƙirgawa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, bisa kuskure na zaɓi waccan ta farko da na raina, sai na ji injin ya ɗauki ƙara, takarda ta fito da ɗuminta.

Ga abin da ke faruwa. Wannan ipp-usb da muka girka a sama, wanda Debian ta fara sa shi kai tsaye tun fitowa ta 11 a 2021, Ubuntu da Mint na yanzu ma da shi suke zuwa, da zarar ka jona firinta ta zamani sai ya kama ramin USB ɗin ya riƙe. Yana mayar da kebul ɗin tamkar ƙaramar hanyar sadarwa, yadda CUPS za ta ga firintar kamar tana kan Wi-Fi. Direban kamfani kuma so yake ya yi magana da USB ɗin kai tsaye, ya zo ya tarar an riga shi. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Shi ya sa yake zaune yana jiran firintar da ba za a taɓa sakar masa ba, kuma babu saƙon da zai fito ya gaya maka dalili.

Yadda za ka gane ko ipp-usb ya kama taka: jona ta, rubuta `lsusb` ka ga sunan kamfanin ya fito, sannan a burauza ka buɗe `localhost:60000`. In shafin firintar ya buɗe, har da nuna yawan tawada, to tana aiki ba direba. Abin da ya rage shi ne ka goge ta bogin. Rubuta `lpstat -v` ka ga jerin. Wadda adireshinta ya fara da `usb://` ita ce ke jiran gawon shanu. Cire ta:

`sudo lpadmin -x sunanta`

Ka cire direban ma gaba ɗaya, kar gobe ya sake ƙirƙiro ta.

Akwai wanda dole sai ya yi amfani da direban kamfanin, misali yana bukatar wani saiti da babu a ɗaya hanyar. To shi sai ya kawar da ipp-usb. Tsayar da shi kawai ba ya isa, don duk lokacin da aka zare kebul aka mayar sai ya farka. Ko dai `sudo systemctl mask ipp-usb`, ko `sudo apt remove ipp-usb`, sannan a zare kebul a mayar. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni na ce ka bar ipp-usb, don direban kamfani yau yana aiki, gobe an sabunta tsarin ya tsaya, shi kuwa wannan tare da tsarin ake sabunta shi.

Kebul ɗin ma kar ya wuce mita 5, kuma jona shi jikin kwamfutar kai tsaye, ba ta cikin abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu ba. Sau da yawa ba a sa kebul a kwali, sai ka saya daban.

In firintar tana bukatar direba da gaske

Akwai masu arha, USB kaɗai, da ba su san IPP ba. Su `localhost:60000` ba zai buɗe ba. Ko a nan ma fara da rumbun manhajojin tsarinka kafin shafin kamfani. HP na da `hplip`, ka girka ka rubuta `hp-setup`, wasu samfuran za su nemi ƙarin `hp-plugin`. Brother masu leza baƙi da fari da yawa suna aiki da `printer-driver-brlaser`. Epson masu tawadar ruwa `printer-driver-escpr`. Tsofaffin Canon da Epson a gwada `printer-driver-gutenprint`. Sai duk waɗannan sun gaza za ka je shafin kamfani, ka ɗauko fayil mai `.deb` a ƙarshe, ba `.rpm` ba, ka duba lambar samfurin harafi da harafi. Kada ka zaɓi direban wata da sunansu ya yi kama. Abin da za ka samu shi ne shafi hamsin kowanne da layi ɗaya na wasu alamomi marasa ma'ana, takardarka ta tafi a banza. In hakan ta fara, `cancel -a` sannan ka kashe firintar.

Sauran ƙananan abubuwa

Girman takarda. In ƙasan shafi na yankewa, ko firintar na ƙyafta fitila tana cewa takarda ba daidai ba, an saita ta a Letter ne kai kuma A4 ka sa. A4 milimita 210 ce da 297, Letter 216 da 279, bambancin kaɗan ne amma ya isa ya tsayar da aiki. Gyara shi a Settings, ko `lpoptions -p Firinta -o media=A4`, ka sa sunan taka a madadin Firinta, nan da umarnan da ke ƙasa.

In wata rana ta daina bugawa bayan takarda ta maƙale ko an kashe ta ana tsakiyar aiki, CUPS ce ta dakatar da ita. `sudo cupsenable Firinta` zai tashe ta. Don kar a maimaita, `sudo lpadmin -p Firinta -o printer-error-policy=retry-job`.

Shafin CUPS na `localhost:631`, a nan ake ganin layin jira da komai. In ya ƙi karɓar kalmar sirrinka, ba ka cikin rukunin lpadmin ne: `sudo usermod -aG lpadmin $USER`, ka fita ka sake shiga. In ka ga "Filter failed", kusan kullum direba ne bai dace ba ko wani ɓangarensa bai girku ba, goge firintar ka koma mataki na uku.

Sikana kuwa, in firintar na da ita, sane-airscan ya riga ya ɗauke maka nauyin. Buɗe Document Scanner, ɗora takarda, danna. In bai gan ta ba, `scanimage -L` zai nuna ko tsarin ya san da ita, in kuma nan ma babu, shiga shafin firintar a burauza ka duba ko an kashe eSCL, wato yaren da sikana ke magana da kwamfuta da shi, ko AirPrint a saitinta, ka kunna.